Babi na 7: Nonon Ƙarfe Goma da Rabi

Darasi na 1: Me ya kawo wannan babi?

Ki gyara zama. Ki sa yatsa a ƙarƙashin layin da kike karantawa, yatsa na tafiya, ido na bin sa. Idan kalma ta yi miki tsawo, ki datsa ta gaɓa-gaɓa kamar yadda muka saba: ja-ri-ri, sha-yar-wa, ri-gin-gi-ne. Ba wanda ke bin ki da bulala.

Wannan babi na masu goyo ne. Amma Inna da Goggo da ke zaune a bencin baya, ku ma da ku nake, don na san a gidaje da yawa a garin nan na Jos, kaka ce ke karɓar jariri idan dare ya yi.

Abin da nake gani a aji shi ya sa na rubuta shi. Mace ta taso daga Gangare ko Rikkos ko Unguwar Rogo, goyo a baya, littafi a leda, ta zauna ta ɗauki fensir. Kafin mu gama layi na biyu kai ya fara rinjaya, fensir ya zame. In na taɓa ta sai ta yi firgigit ta ce, "Malama, ki yi haƙuri, wallahi sau biyar ya tashe ni jiya." Ban taɓa jin haushin mai irin wannan gyangyaɗi ba. Ni ma na yi goyo.

Ki duba yadda darenki yake tafiya. Bayan sallar isha'i jariri ya sha nono ya yi barci, ƙarfe takwas ke nan ko kusa da haka. Barcin nan na farkon dare shi ne mafi tsawo a wurin yawancin jarirai. To ke kina ina a lokacin? Kina wanke-wanke, kina jiƙa gero, kina haɗa kayan makarantar yara. Sai wajen sha ɗaya za ki kai haƙarƙari ƙasa. Idonki bai gama rufuwa ba, sha biyu ta buga, yunwa ta tashe shi. Dogon barcinsa ya ƙare a kan kwanukanki, ke ba ki ci komai a ciki ba.

Dabarar da za mu koya ita ce wannan. Daf da za ki kwanta, ki ɗauki jaririn yana barcinsa, ki ba shi nono ba tare da kin tashe shi sarai ba, ki mayar da shi. Ya ƙoshi a lokacin da ke za ki kwanta, sai barcinsa da naki su tafi tare, ki samu awa uku ko huɗu a jere maimakon ɗaya.

Tun yanzu in gaya miki gaskiya. Wannan ba magani ba ne, kuma ba kowane jariri yake karɓa ba. Tashin jariri da dare ba ciwo ba ne, ba rigima ba ce. Ranar da aka haife shi, cikinsa bai ɗaukar abin da ya wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya da ɗan wani abu. Idan ya yi wata guda, cikin ya kai kamar ƙwan kaza. Nono kuma ba ya daɗewa a ciki. Shi ya sa sabon jariri yake sha sau 8 zuwa 12 tsakanin safiyar yau da safiyar gobe. Muna neman rage tashin ne, ba kashe shi ba.

Darasi na 2: Wane jariri, wane lokaci?

Mai ɗanyen jego, ki karanta ki ajiye. Kafin arba'in, duk sa'ad da ya nema ki ba shi, dare ko rana. Ki bari sai ya kai kamar wata 2, kin kai shi awo, an duba katinsa an ce nauyinsa yana hawa.

Kada ki gwada wannan dabara don neman dogon barci idan jaririn bakwaini ne, ko an haife shi ɗan ƙarami, ko yana da shawara idonsa ya yi rawaya, ko ba shi da lafiya. Irin waɗannan tashin su ake yi a ba su nono, ba barinsu ake yi su yi ta barci ba. Ki bi abin da ma'aikaciyar asibiti ta gaya miki.

Yanzu agogo. Na san wasu za su ce sun iya, amma makon jiya na ɗaga agogo a aji, mutum shida suka yi shiru. Babu kunya a nan.

A agogon bango, ƙarfe goma da rabi shi ne: gajeren hannu yana tsakanin 10 da 11, dogon hannu yana kan 6.

A waya za ki ga 10:30. Wata wayar kuma za ta nuna miki 22:30. Duk abu ɗaya ne, wayar ba ta lalace ba. Idan lambar farko ta wuce 12, ki cire 12 daga cikinta. 22 a cire 12, saura 10.

Ba dole sai goma da rabi cif ba. Tsakanin 10 da 11 ya yi. Abin lura shi ne a samu awa 2 ko 3 tun shansa na ƙarshe, kuma ke da kin gama ki kwanta. Idan kin ba shi nonon sannan kika koma kan waya kina kallon bidiyo har sha biyu da rabi, kada ki zo ki ce mini dabara ba ta aiki.

Darasi na 3: Yadda ake yi

Wannan shi ne darasin. In kin manta sauran duka, kada ki manta wannan.

Ki fara shirya kanki. Ki yi duk abin da za ki yi na kwanciya, ki wanke hannu da sabulu. Idan lokacin hunturu ne ki murza tafukanki su yi ɗumi, don hannu mai sanyi a bayan jariri ya fi ƙararrawa tada shi. Kada ki kunna ƙwan ɗaki. Ki kunna tocila ki juya ta ga bango, haske kaɗan wanda zai ishe ki ganin fuskarsa. Dole ki ga fuskarsa, ba a yin wannan aiki cikin duhu ƙirin. Ki kashe rediyo. Ki ce wa maigida ya rage murya.

Ki tsaya ki dube shi tukuna. Idan kin ga fatar idonsa tana motsi, ko leɓensa yana mutsu-mutsu, ko yatsunsa suna ɗan motsawa, barcin bai yi nauyi ba, lokacin ya yi daidai. Idan kin ɗaga hannunsa ya faɗo yaraf kamar tsumma, ya yi nisa. Ki ba shi minti 10 ko 15 ki sake dubawa.

Sai abu uku. Ki karanta da ƙarfi:

Ɗaga shi. Taɓa leɓe. Jira.

Na farko, ɗaga shi. Ki sa hannu ɗaya ƙarƙashin kai da wuya, ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu, ki ɗauko shi daga shimfiɗa. Ki zauna ki jingina bayanki da bango. Ki rungume shi cikinsa yana fuskantar cikinki, kansa ya fi cikinsa tudu. Ki sake karanta wannan: kansa ya fi cikinsa tudu. Ba a ba mai barci nono yana shimfiɗe a katifa ke kina sunkuye a kansa.

Na biyu, taɓa leɓe. Ki ɗauki kan nono ki shafa a leɓensa na sama, a hankali. Shafawa na ce. Kina iya matso ɗigo ɗaya a kan leɓen don ya ji ƙanshi. Ɗigo ɗaya, a kan leɓe, ba cikin baki ba.

Na uku, jira. Allah ya halicci jariri da wata baiwa: idan abu ya taɓa leɓensa ko kumatunsa, yakan juyo ya buɗe baki yana nema, ko da idonsa a rufe. Ba ke za ki buɗe masa bakin ba. Shi zai buɗe. Idan ya wangale baki kamar mai hamma, sai ki jawo shi jikinki ya kama, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa tana taɓa nonon.

A nan ne ake faɗuwa. Na shekara ina koyar da wannan babi da 'yar tsana a aji, kuma a wurin jira ake faɗuwa kullum. Mace za ta ɗaga 'yar tsana daidai, ta taɓa leɓe daidai, sai in ga babban yatsa ya tafi ga haɓa zai danna baki ya buɗe. In ce, "Me muka ce?" Ta yi dariya ta ce, "Jira, Malama." Mu sake, yatsan ya sake tafiya. Ba laifinki ba ne, hannu ne ya saba da sauri, mace mai aiki goma ba ta san tsayawa ba. Amma ki koya wa hannun. Ki ƙirga a zuci daga ɗaya zuwa ashirin. Bai buɗe ba? Ki sake shafa leɓen, ki sake ƙirgawa. Kin yi sau uku bai buɗe ba? Ki shafa tafin ƙafarsa kaɗan, ko ki sassauta zanin da ya lulluɓe shi, ki sake gwadawa. Har yanzu bai buɗe ba? To yau ba ya so. Ki mayar da shi, ki kwanta. Ba ki fāɗi ba. Gobe ma dare ne.

Ɗaga shi. Taɓa leɓe. Jira.

Me ya sa nake nanata wannan kamar mai talla? Saboda a maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta numfashi, suna maƙwabtaka. Idan jariri da kansa yake tsotsa, yana tsotsa, ya haɗiye, ya yi numfashi, kowanne a lokacinsa, hanyar numfashi tana rufewa sa'ad da nono ke wucewa. Idan kuwa zuba masa aka yi yana barci bai shirya ba, nonon yana iya bin hanyar numfashi. Shi ne ƙwarewa. In ya sauka huhu, yana iya zama ciwon huhu.

Ku bar ni in faɗa muku wani abu da ya faru, ba zan kama suna ba. Wata ɗalibata ta koma gida ta ce wa uwar mijinta Malama ta ce a riƙa ciyar da yaro yana barci. Rabin magana ta kai. Ta tatsi nono a kofi ta je ta kwanta, tsohuwa kuma, da kyakkyawar niyyarta, ta tallabo kan yaro yana kwance ta matse kumatu ta zuba da cokali. Yaro ya ƙware, tari ya sarƙe shi, fuska ta canza. Maƙwabci ne ya fito da mota cikin sanyin dare ya kai su asibiti. Allah ya kiyaye, yaron yana nan yana gudu a tsakar gida. Amma ni kwana uku ban yi barcin kirki ba, don da sunana aka yi.

Saboda haka Inna, Goggo, ku saurare ni da kyau, ina girmama ku amma ba zan ɓoye ba. Wannan ba ɗura ba ce. Na san an yi mana ɗura, mun rayu, na sha jin wannan magana. Waɗanda ba su rayu ba ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Ba cokali, ba kofi, ba tafin hannu, ba matse hanci, ba matse kumatu ga jariri mai barci. Idan kun ji wata tana cewa Malama ta ce a zuba wa yaro yana barci, ku ce mata ƙarya take yi mini.

Ki ɗauki fensir. Ki rubuta a littafinki sau biyar: Ɗaga shi. Taɓa leɓe. Jira. Ki kula da ƙugiyar ɗ da ta ɓ, kada ki bar su a hanya. Na ce sau biyar, zan ƙirga.

Yaya za ki san yana sha da gaske? Ki dubi muƙamuƙinsa, wajen kunne. Zai riƙa motsi a hankali, ya ɗan tsaya, ki ji ƙaramin sautin haɗiya. Idan baki kawai yake motsawa babu haɗiya, ko nono yana zuba ta gefen baki, ki dakata. Ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki zare nonon a hankali. Idan ya yi tari, ki ɗaga shi zaune nan take.

Minti 5 zuwa 10 yakan isa. In ya saki ɗaya, ki gwada masa ɗayan, da wannan ƙa'ida dai: taɓa leɓe, jira. Kada ki yi masa wasa, kada ki kira sunansa, kada ki yi masa tawai. Idan ya buɗe ido, ba komai, ki yi shiru ki ci gaba.

Mai ba da madara a bulumboti, dokar ɗaya ce. Ki ɗaga shi, ki taɓa leɓe da kan robar, ki jira. Ki riƙe kwalbar da hannunki, a ɗan kwance, don kada madara ta kwararo da ƙarfi. Kada ki tokare ta da filo ki tafi. Abin da ya rage a kwalba ki zubar, ba a ajiye wa asuba.

Darasi na 4: Mayar da shi

Ya gama. Ki ɗora shi a kafaɗarki, ki shafa bayansa a hankali har minti biyar ko fiye, ko zai yi gyatsa. In bai yi ba, ba damuwa, mai shan nono cikin barci bai cika haɗiyar iska ba. Mai yawan tumbuɗi ki ɗan ƙara masa lokaci a tsaye.

Nafkin kuma, in ba kashi ya yi ba ko ya jiƙe sharkaf, ki bar shi.

Ki kwantar da shi a rigingine. Rigingine shi ne bayansa a ƙasa, fuskarsa tana kallon rufin ɗaki. Ba rub da ciki ba, ba a gefe ba. Shimfiɗa mai ɗan tauri, babu filo, babu tarin zannuwa kusa da fuska. Ki sauke gidan sauro ki cusa bakin gidan sauron ƙarƙashin shimfiɗa.

Kada ki yi wannan shayarwa a kan kujerar kushin idan barci yana fizgar ki. Uwa ta yi barci a kushin da jariri a hannu, yana iya zamewa ya maƙale a lungu, numfashi ya gagara.

Sai maganar sanyinmu. Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, a watan Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauka kusa da digiri 10. Na san abin da ake yi: a shigo da kaskon gawayi, a rufe ƙofa da taga, a toshe kafa da tsumma. Kada ki yi. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a ganin ta, mutum yana barci take ɗauke shi, jariri kuwa shi ne na farko. Haka hayaƙin janareta a bakin taga. Ki sa masa kaya masu ɗumi da safa, bargo ya tsaya a ƙirji, kada ya rufe fuska. In kina son sanin ko ya ji ɗumi, ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa. In kin ji gumi, kaya sun yi yawa, ki rage ɗaya.

Darasi na 5: Ki rubuta

Ki ja layi bakwai a littafinki, Asabar zuwa Juma'a. Kowace safiya ki rubuta lokacin da kika ba shi, da lokacin da ya fara tashi. Misali: Asabar, 10:30, 2:45. Sannan ki ja sanda ɗaya a kan kowane tashi.

Bayan kwana bakwai ki duba. Sanduna sun ragu, ki ci gaba. Ba su ragu ba, ko ma sun ƙaru, ko yana wartsakewa ya ƙi komawa barci, ki bari. Naki ba ya so.

Da safe na ce, ba ranar zuwa aji a bakin ƙofa ba. Ina gane rubutun da aka yi a tsaye.

Darasi na 6: Abubuwan da ba a yi

Ba a ƙara kunu ko koko ko garin abincin jarirai da dare wai don ya yi nauyi a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba shi. Zuma kuwa sai ya cika shekara 1.

Ba a ba jariri maganin mura ko wani jiƙo don ya yi barci.

Ba a hana shi nono in ya tashi ƙarfe uku wai ai ya sha da goma da rabi. Ya nema, ki ba shi.

Mai dogaro da shayarwa don tazarar haihuwa, kada tsakanin sha da sha da dare ya wuce awa 6. Ki tambaya a wurin awo.

Idan jariri ya ƙi tashi sam, ko ya ƙi kama nono har da rana, ko jikinsa ya yi zafi, ko numfashinsa yana sauri, ko fitsarinsa ya ragu ƙasa da sau 6 a yini da kwana, wannan ba maganar barci ba ce. Asibiti, a lokacin.

Darasi na 7: Dainawa

Wajen wata 6 yawancinsu ba sa bukata. Ki riƙa rage mintunan, ko ki matso da lokacin baya kaɗan-kaɗan, har ki bari.

Aiki

1. Wayarki ta nuna 22:15. Ƙarfe nawa ke nan?
2. Mene ne rigingine?
3. Kin taɓa leɓe sau uku bai buɗe baki ba. Me za ki yi?
4. Cike gurbi: Ɗaga shi. Taɓa ______. ______.

Ku zo da littattafanku ranar Laraba. Wadda ta tafi gida da 'yar tsanar aji ta dawo da ita.